Darasi a Kan Ƙumar Ruwa: Matakan Girmanta da Alaƙarta da Kurkunu

Duk wanda ya zauna ƙasar Gidan Sori, ko wani gari daga cikin garuruwan da ke tsakanin Gidan Rumji da Agye da Gazawa, ya san shekararmu ta rabu biyu game da sha'anin ruwa. Akwai watanni takwas ko fiye waɗanda ba a samunsa sai da guga da igiya, ko kuwa a bakin famfo. Akwai kuma 'yan watannin damina, daga Yuni zuwa Satumba, waɗanda ruwa ke kwanciya ko'ina a bisa ƙasa, cikin tabkuna da fadamun Gulbin Maraɗi da na Gulbin Kaba, da kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, har manomin da gonarsa ta yi nisa da rijiya ya ga babu dalilin da zai sa ya wahalar da kansa da dakon ruwa daga gida, alhali ga shi nan kwance a gefen gona. To, wannan ruwa na kwance cike yake da halittu masu rai, waɗanda ake haifa, su girma, su hayayyafa, su mutu cikin 'yan makonni, ba tare da mai ɗiban ruwan ya san da zamansu ba. Darasinmu na yau a kan ɗaya daga cikinsu yake, wadda kakanninmu suka sha azaba ta dalilinta shekara da shekaru, kuma ba a sami kuɓuta daga wannan azaba ba sai da aka san matakan girmanta ɗaya bayan ɗaya.

Siffarta

Masana ilmin dabbobi sun sanya ta cikin dangin ƙaguwa da jatan lande, wato halittun da ba su da ƙashi a cikin jiki, sai ɓawo mai tauri daga waje da ƙafafu masu gaɓoɓi. Suna kiran ta siklof, mu kuwa a nan za mu riƙa ce mata ƙumar ruwa, saboda ƙanƙantarta da irin tsallen da take yi. Babbarta ba ta cika wuce milimita 1 zuwa 2 ba, ƙwayar gero ma ta fi ta girma. Amma fa wannan bai hana ido ganin ta ba idan an bi hanyar da ta dace, kuma ya kamata kowane ɗalibi ya jarraba da kansa, domin gani ya kori ji.

Ka sami farar kwalba mai tsabta, ka ɗebo ruwa daga gefen tabki inda ciyawa ta tsiro, ka ajiye shi har laka ta kwanta, sa'an nan ka ɗaga kwalbar wajen hasken rana, ka tare bayanta da baƙin ƙyalle. In ka yi haƙuri ka ƙura ido, za ka ga waɗansu fararen ɗige-ɗige suna tafiya da fizga: su zabura, su tsaya, su ɗan nutse, su sake zabura. In kuwa ka lura da wata tana jan 'yan ƙunshi biyu a gindinta, ɗaya dama ɗaya hagu, to, ka sani mace ce ɗauke da ƙwai. Wanda ya sami damar duba ta a madubin likita mai ƙara girman abu zai ga jikinta mai faɗi ne ta gaba, tsukakke ta baya, da wutsiya mai reshe biyu. Zai ga dogayen ƙahoni biyu da take shimfiɗawa a cikin ruwa, da ƙafafun iyo takwas, huɗu a kowane gefe, ban da waɗansu biyu ƙanana a bayansu. Zai ga kuma ido guda tak a tsakiyar goshi. Jikin nata garai-garai yake, har ana hangen abin da ta ci yana motsi a hanjinta, kuma wannan ne ya sauƙaƙa wa masu bincike gano abin da ke ɓoye a cikinta.

Daga ƙwai zuwa balaga

Abu na farko da ya wajaba mai karatu ya riƙe shi ne ɓawon wannan halitta ba ya girma. Ɗan Adam da ɗan akuya ƙashinsu na ciki, yana tsawo tare da tsoka a hankali, ba wanda zai ce ga ranar da yaro ya ƙaru; ita kuwa, da yake taurinta na waje ne, duk lokacin da naman ciki ya cika ɓawon, ba ta da mafita sai ta yi saɓa. Sabuwar fata mai taushi takan fara samuwa a ƙarƙashin tsohuwar, sa'an nan tsohuwar ta tsage, halittar ta zare jikinta gaɓa-gaɓa har da ƙahoni da gashin wutsiya, ta sha ruwa ta kumbura tun fatar ba ta yi tauri ba, domin ta sami sararin da za ta ci gaba da girma a ciki. Manomi ya san wannan al'amari a jikin fara, wadda ita ma dangi ce ta nesa, domin ya sha ganin saɓar ɗango a liƙe a ganyen gero. Saboda haka girman ƙumar ruwa mataki-mataki ne, kowane mataki yana da iyaka sananniya, kuma masana sun ƙidaya su sarai: saɓa goma sha ɗaya ce tsakanin ƙyanƙyasa da balaga.

Ƙwan da ke cikin ƙunshin nan biyu, waɗanda kan kai goma zuwa arba'in a kowane ƙunshi gwargwadon irin ƙumar da wadatar abinci, ba sa daɗewa a ruwa mai ɗumi, kwana ɗaya ko biyu sun ƙyanƙyashe. Abin da ke fitowa daga ƙwan kuwa bai yi kama da uwarsa ba ko kaɗan. Ɗan dunƙule ne wanda tsawonsa wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, ba shi da gaɓoɓin jiki, ba shi da wutsiya, sai ƙafafu shida da wannan ido guda. Da ƙafafun yake iyo, da su kuma yake jawo abinci, wato ƙananan tsirran da ke sa ruwa ya yi kore da waɗansu halittu da suka fi shi ƙanƙanta. Masana na kiran sa nofiliyus, mu ce masa jinjiri. Bambancinsa da uwar ya kai har wani masani ɗan ƙasar Denmak, Otto Friedrich Müller, wanda ya yi zamani a ƙarni na 18 kuma yana daga cikin waɗanda suka fara siffanta waɗannan halittu, ya ɗauka wata dabba ce dabam, ya raɗa mata suna nata na kanta. Sai waɗanda suka zo bayansa, da suka tsare jinjirin suna duba shi kullum har ya rikiɗa a gaban idonsu, suka tabbatar ɗa da uwa ne. Lalle a nan akwai abin lura ga mai neman ilmi, domin kallo guda, kome kaifin idon mai shi, ba ya isa hujja a kan abin da halinsa canzawa ne.

Jinjirin yakan bi matakai shida a cikin wannan siffa, kowace saɓa tana ƙara masa tsawo kaɗan da alamun gaɓoɓin da za su fito nan gaba. A saɓa ta shida ne babban canji ke aukuwa, domin abin da ya shiga saɓar yana dunƙule sai ya fito da jiki mai gaɓoɓi, da wutsiya mai reshe biyu, da ƙafafun iyo huɗu, har wanda ya gan shi ya shaida ɗan siklof ne. Daga nan ya shiga ƙuruciya, wadda ita kuma matakai biyar ce. A kowace saɓa ana ƙara masa gaɓa a jiki, ƙafafun iyo su yi ta cika, bakinsa ya yi ƙarfi; wajen mataki na huɗu ko na biyar ake fara rarrabe namiji da mace; daga saɓa ta goma sha ɗaya kuwa ya balaga, ba zai sake wata saɓa ba har ajalinsa. Namijin ya fi macen ƙanƙanta, ƙahoninsa kuma masu lanƙwasa ne, da su yake riƙe ta lokacin barbara. Ita kuwa takan adana abin da ta karɓa daga gare shi, ta yi ta fid da sabon ƙunshin ƙwai bayan 'yan kwanaki kaɗan, sau da yawa, ba tare da ta sake neman namiji ba.

Akwai wani canji da ke tafiya tare da wannan girma, wanda shi ne ƙashin bayan darasinmu, don haka a riƙe shi da kyau: abincinta yana canzawa. Jinjiri ɗan tsince-tsince ne, bakinsa ba ya ɗaukar abu mai girma. Amma a cikin nau'o'i da yawa, idan ƙumar ta kai ƙarshen ƙuruciya ko ta balaga, sai ta zama mafarauciya, tana kama duk wani abu mai motsi da ta fi ƙarfinsa, har da 'ya'yan sauro sababbin ƙyanƙyasa.

Tsawon lokacin da dukkan wannan ke ci yana rataye ne ga zafin ruwa da yawan abinci. A tabkunan ƙasashen sanyi yakan kai wata guda ko watanni. A ruwa mai ɗumi irin namu kuwa mako ɗaya zuwa uku ya isa ƙwai ya zama uwa mai ƙwai. Wanda ya iya lissafi sai ya auna da kansa: tabkin da ya cika a watan Yuli, kafin a kai ga yankan gero, an haifi kaka da jika da tattaɓa-kunne a cikinsa, kuma gwargwadon yadda ruwan ke janyewa, gwargwadon yadda suke cunkushewa a ɗan abin da ya rage, wanda shi ne mutane da dabbobi ke rububin ɗiba.

Ina take zuwa da rani?

Mai hankali zai tambaya, tabkin da ya ƙafe ƙaf tun watan Nuwamba, ƙasarsa ta tsattsage, shanu suka tattake ta, rana ta gasa ta har ƙarshen bazara, daga ina ƙuma ke fitowa a cikinsa da zarar ruwan farko ya sauka? Waɗansu sukan ce ruwan sama ne ke zuwa da ita, waɗansu su ce laka ce ke rikiɗa. Amsar da bincike ya tabbatar ita ce ba ta bar wurin ba tun farko. A nau'o'in da suka saba da tabkuna masu ƙafewa, idan ruwa ya fara ja baya, waɗanda suka kai mataki na huɗu ko na biyar na ƙuruciya sukan dakatar da girma, su nutse cikin laka, su kwanta kamar yadda gaiwa ke kwanciya a cikin taɓo, numfashi ya ragu, motsi ya tsaya, har watanni su shuɗe. Da ruwa ya jiƙa lakar sai su farfaɗo, su ƙarasa saɓa ɗaya ko biyun da ta rage musu, cikin 'yan kwanaki sun balaga sun fara ƙwai. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya ƙaddara wa kowace halitta hanyar rayuwarta gwargwadon mazauninta. Fa'idar wannan bayani ga mai shan ruwa ita ce, kada ya ce tabki sabon cika ne don haka babu kome a cikinsa, domin manyan sun riga jinjirai bayyana.

Ba ita kaɗai ce daga danginta a tabki ba. Akwai wata da ake kira moyina, mai dunƙulallen jiki, wadda hanyarta dabam ce: muddin ruwa na da daɗi, matan kan haifi 'ya'ya mata ba tare da namiji ba, suna goyon su a wata jaka a bayansu har su fito da kamannin uwarsu sak, sai idan ruwa ya fara ɓaci maza ke bayyana, a yi ƙwai mai kauri wanda ke jure fari, iska da ƙafar tsuntsu da kofaton saniya su ɗauke shi daga wannan tabki zuwa wancan.

Kada kuma wani ya ɗauka waɗannan halittu sharri ne zalla. Su ne abincin farko na 'ya'yan kifi, har ana iya cewa tarwaɗa da karfasar da masunta ke kamawa a Tafkin Madarunfa da su suka fara buɗe baki; a ƙasar Biyetnam kuwa, tun shekarun 1990, an riƙa zuba wani nau'in siklof da gangan a cikin manyan randunan ajiyar ruwa don ya cinye 'ya'yan sauron da ke kawo zazzaɓin dengi, kuma an ga amfanin haka a ƙauyuka da yawa.

Yadda kurkunu ke shiga tsakani

Dattawan da ke cikin wannan aji ba su bukatar a siffanta musu kurkunu, amma saboda matasa, waɗanda Allah Ya sa ba su tarar da shi ba, sai mu faɗa a taƙaice. Ƙafa takan yi zafi kamar wuta, wani ƙurji ya taso, galibi wajen idon sawu, ya fashe, farin kan tsutsa ya leƙo. Sai a ɗaure shi a tsinke ana naɗewa kaɗan-kaɗan kullum, makonni ana fama, domin tsawonta kan kai santimita 60 zuwa mita guda, in kuwa aka yi gaggawa ta tsinke a ciki, ƙafar ta kumbura ta yi ruwa, wani har gaɓarsa ta sandare ya gurgunce. Waɗansu sun sha sakiya a hannun wanzami, azaba a kan azaba. Mafi muni kuma, a ƙasashenmu na Sahel da damina yake fitowa, daidai lokacin shuka da noma, har a sami gidan da magidanci da matarsa da manyan 'ya'yansa duk suna kwance, ciyawa tana cin gona; shi ya sa 'yan ƙabilar Dogon na ƙasar Mali suka laƙaba masa cutar da ke barin rumbu wofi.

Cutar tsohuwa ce. Likitocin Musulunci na farko, irin su Ar-Razi da Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, sun yi bayaninta a littattafansu da yadda ake zare ta a hankali, amma sababinta ya ɓoyu ga kowa har wajen 1870, lokacin da wani masani ɗan Rasha, Aleksei Fedchenko, yana bincike a ƙasar Turkistan, ya ga 'ya'yan tsutsar a cikin jikin siklof. Wani masanin kuma, Robert Leiper, ya ƙarfafa wannan a Akara a 1905, sa'an nan a shekarun 1950 wani masani ɗan Nijeriya, Sanya Onabamiro na kwalejin Ibadan, ya bi tabkunan ƙasar Yarabawa yana tantance irin ƙumar da ke ɗaukar tsutsar a nan Afirka ta Yamma.

Ga yadda al'amarin yake. Tsutsar da ke leƙowa daga ƙafa mace ce, cikinta maƙil da 'ya'ya, kuma zafin da take jawowa shi ke kora mai ciwon zuwa tabki don ya sanyaya ƙafarsa; da ta ji ruwa sai ta saki wani farin abu kamar madara, wanda 'ya'ya ne dubu ɗaruruwa, kowane ɗaya bai fi rabin milimita da kaɗan ba. Waɗannan 'ya'ya ba sa iya cutar da mutum ko da ya sha su a wannan hali, kuma in ba su sami masauki ba cikin 'yan kwanaki sai su mutu. Amma suna ta mutsu-mutsu a cikin ruwa, motsin nan kuwa shi ke jawo hankalin ƙumar da ta kai matakin farauta, ta kama ɗan tsutsa ta haɗiye a zaton abinci ne. Shi kuwa maimakon ya narke, sai ya huda hanjinta ya shiga sararin jikinta ya zauna, ya yi saɓa biyu a can cikin kamar mako biyu, daga nan ne ya zama mai iya kama mutum. Wanda ya sha ruwan da ke da irin wannan ƙuma, ruwan cikinsa zai kashe ƙumar, ɗan tsutsar ya kuɓuta, ya huda hanji ya shiga jiki. Bayan 'yan watanni namiji da mace su haɗu, namijin ya mutu, macen ta yi ta girma tana gangarowa wajen ƙafa ba tare da mai ita ya ji kome ba, har wata goma zuwa goma sha huɗu su cika. Wato kurkunun da ya kwantar da mutum a daminar bana, a daminar bara ya sha shi. Wannan tazara ta shekara guda ita ce ta hana mutanen da, duk da basirarsu, su danganta ciwon da ruwan.

Abin da sanin matakai ya haifar

Har yau babu allurar rigakafin kurkunu, babu kuma ƙwayar da ke kashe shi a cikin jiki, amma duk da haka an kusa shafe shi daga doron ƙasa, kuma makamin da aka yi amfani da shi shi ne wannan ilmi da muka karanta. Tun da an san ƙumar da ta yi girma ce kaɗai ke iya haɗiye ɗan tsutsa, an san ke nan ba sai an sami matatar da za ta tare kome da kome ba; ƙyalle mai ƙananan idanu, wanda zai tare abin da ya kai girman ƙumar da ta kusa balaga, ya wadatar, jinjiri ko ya wuce ba ya ɗauke da kome. Tun da an san ɗan tsutsa na bukatar kamar mako biyu a cikin ƙuma kafin ya zama haɗari, an san ke nan idan mai ciwo ya shiga tabki yau, akwai sauran dama a zuba maganin Abate a kashe ƙumar kafin wa'adin ya cika. Tun da kuma an san waɗansu za su ƙyanƙyashe ko su farfaɗo daga laka su maye gurbin waɗanda suka mutu, sai aka ƙayyade a maimaita zubawa kowane mako huɗu har damina ta wuce. Tun da an san tsutsar ba ta da wata hanyar komawa ruwa sai ta ƙurjin mai ciwo, sai aka sa wakilan lafiya na ƙauye su riƙa wanke ƙurjin suna ɗaurewa, ana roƙon mai shi kada ya taka tabki, wani ya ɗebo masa. Rijiya mai ginannen baki da famfon burtsatse kuwa sun yanke mas'alar daga tushe, domin ba mai tsoma ƙafa a cikinsu. Da irin wannan gyaran ruwan sha ne birnin Buhara ya rabu da cutar tun farkon shekarun 1930.

A 1986, shekarar da aka yi taron farko na ƙasashen Afirka kan wannan cuta a birnin Yamai, kuma cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta shiga yaƙin, an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi ke kamuwa kowace shekara a Afirka da Asiya. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980 ta sami fiye da mutum 650,000. Wadda aka yi a Nijar a 1991 ta sami kusan 33,000, jihar Damagaram ce kan gaba, Maraɗi ma tana ciki. Manyan mutane irin su Janar Amadu Tumani Ture na Mali da Janar Yakubu Gowon na Nijeriya sun zaga ƙauyuka suna jan hankalin sarakuna da hukumomi, amma a ganina babban rabo na yabo yana wuyan matan da suka jure tace kowane tulu, kullum, damina bayan damina, da wakilan ƙauye da suka yi ta bin gida-gida suna duba ƙafafu. A 2008 aka ga na ƙarshe da ya kamu a cikin Nijar, haka kuma a Nijeriya, sa'an nan a watan Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen biyu shaidar kuɓuta. A 2023 da 2024 waɗanda suka kamu a duniya duka ba su kai ashirin ba a kowace shekara.

A nan akwai wata mas'ala da ya kamata a warware, domin takan rikita masu karatun fiƙihu. Mun koya a littattafan mazhabar Malikiyya, irin su Ahalari da Risala, cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canza ba ta dalilin wani abu da ya faɗa masa, mai tsarki ne mai tsarkakewa, kuma canjin da ya zo daga mazauninsa, kamar laka, ba ya ɓata shi. Wannan hukunci daidai ne a babinsa, wato babin alwala da wanka. Amma tsarkin ibada dabam, amincin sha dabam. Ruwan tabki na iya halatta a yi alwala da shi alhali yana ɗauke da abin da zai kwantar da mai shansa, kuma kiyaye rai da lafiya yana daga cikin manyan manufofin shari'a. Saboda haka malamin da ya hori mutanensa da tace ruwa bai saɓa wa littafi ba ko da da harafi guda.

Wani zai ce, tun da kurkunu ya tafi, me ya rage na wahalar tacewa? Abu biyu ne suka rage. Na farko, ƙumar tana nan a kowane tabki kamar yadda take tun azal, tana bin matakanta goma sha biyu kowace damina, ba abin da ta rasa sai ɗan tsutsar da za ta haɗiye. Cutar kuwa ba ta ƙare ba a Cadi da Mali, maƙwabtanmu na gabas da yamma, inda ake samun ta har a jikin karnuka, kuma mutum guda da ya sha ta a can ya zo ya tsoma ƙafa a tabkinmu ya isa ya mai da hannun agogo baya. Na biyu, an gano ƙwayar cutar kwalara tana liƙewa a ɓawon waɗannan halittu. A wani bincike da aka buga a 2003 daga ƙauyukan Bangaladash, matan da suka riƙa tace ruwa da tsohon zane ninki huɗu sun rage kamuwa da amai da gudawa da kusan rabi. Mu da muka ga abin da kwalara ta yi a jihar Maraɗi a 2018 da 2021 ba mu da uzurin raina wannan dabara, ko da yake tafasa ruwa ko sa masa maganin da likita ya bayar ya fi tacewa ƙarfi a kan wannan cuta.

Tacewar ma tana da ƙa'ida. A ɗaure ƙyallen a bakin randa ko tulu yadda ruwa ba zai bi ta gefe ba, a zuba a hankali. In an gama a cire shi ba tare da an kife abin da ya tare a cikin randar ba, a wanke shi da ruwan da aka riga aka tace, a shanya a rana. A riƙa amfani da fuska guda kullum wajen sama, kuma a ɗaga shi wajen haske lokaci-lokaci, in an ga huda ko da ta allura ce a sake wani. Mai zuwa gona ko kiwo ya tafi da ruwansa a gora, in kuwa ya ƙare, to, kada ya kafa baki a tabki sai ta bayan ƙyalle.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, maza da mata, ku gwada wa 'ya'yanku ƙumar nan a cikin kwalba, ku sa dattawan gidanku su ba su labarin kurkunu tun masu tabonsa na raye. Kuma duk wanda ya ga farar tsutsa tana fitowa daga jikin mutum ko na kare, baƙo ne ko ɗan gari, to, ya hana shi kusantar tabki, ya kai labari gidan likita mafi kusa a wannan rana, kada ya bari ta kwana.